Wanda Ke Zaune a Bakin Rijiya

Tayar tirela ce rijiyarmu. Wajen wani mai faci na karɓo ta a hanyar tasha, ya ce in dai ba zan dawo masa da ita ba, ya ba ni kyauta. Muka shimfiɗa baƙin ƙyalle a cikinta, muka nemo guga na roba da igiya, da jarkoki huɗu masu ruwan ɗorawa, da wani tsohon tulu da Inna ta daina amfani da shi. Iyakar kayan wasanmu ke nan, ban da kalangu, wanda shi sai da mai shi yake zuwa.

Hausa nake koyarwa a wata sakandare a cikin garin Daura. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantar ta faɗo hannuna ne saboda an yi wa malamin da ke riƙe da ita canjin wurin aiki, ba don na karanci fannin ba. Da ranar raba kyaututtuka ta matso, shugaban makaranta ya kira ni ofis ya ce a shirya abin da ba zai wuce minti 15 ba, kuma ya kasance na tarihi. To, a Daura in aka ce tarihi ai an gama magana. Yaron da bai iya ɗaure tazugensa ba ma ya san labarin Kusugu: macijiya mai suna Sarki ta tare rijiya, ba a ɗibar ruwa sai ranar Juma'a; baƙo ya sauka da dare a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce babu, ya karɓi guga ya je ya sare kan macijiyar; gari ya waye Daurama ta sa a nemo wanda ya yi aikin; daga nan sai aure, sai Bawo, sai Hausa Bakwai. Rijiyar tana nan har gobe, an gina mata ɗaki, baƙi na zuwa su ja ruwan su sha. Da wuya ka sami makaranta a garin nan da ba ta taɓa yin wasan Bayajidda ba, da takobin katako da rawanin labule.

Abin da na yanke shi ne kada kowa ya yi magana. Ba wata hikima ce ta kai ni ba, lasifikar makarantar ce: shekarar da ta gabata an yi wasa na rabin awa, daga layi na uku zuwa baya ba wanda ya tsinci kalma ɗaya. Na ce to kalangu ya yi mana maganar, tunda shi ba ruwansa da wutar lantarki. Akwai wani ɗalibi da gidansu ke yi wa mahauta kiɗa, tun yana ƙarami yake matse kalangu a hammata, shi na jawo. Na kuma hana a yi wa macijiya wutsiya da fentin fuska, don yara za su fara dariya tun ba a soma ba. Sai dai mutum ya zauna a bakin rijiya, ya lulluɓa da baƙin bargo, ya kare fuskarsa da faifai. Masu jarkoki su jeru. Wanda layi ya zo kansa ya durƙusa ya yi gaisuwa, na zaune ya ɗaga hannu ɗaya, shi ke nan, mai jarka ya juya ya koma baya. Sau shida ana haka, kalangu na ƙirga kwanakin. A na bakwai na zaune ya ɗan gusa, kamar taki ɗaya, a ja ruwa jiki na rawa, a yi ta zuba masa godiya hannu bibbiyu. Sannan baƙo ya shigo.

Ɗaga hannun nan shi ya fi cin lokacinmu. Yaron da ke ƙarƙashin bargo da fushi yake ɗagawa, kamar mai korar awaki. Na ce masa a'a, wanda ya saba hanawa ba ya fushi, kasala ma yake ji. Ɗaga shi kamar kana korar ƙuda kana gyangyaɗi. Ranar da ya iya, ni kaina sai da na ji haushinsa.

Mako uku muna gwaji a inuwar bedi bayan an tashi daga makaranta. Wata ranar Laraba, yaron da ke fitowa a baƙo, wani dogo ɗan aji biyar, ya sare macijiya, aka yi murna, aka watse. Sai yayyafi ya sauko. Shi kuma ya gaji, ya zauna a kan tayar, ya jawo bargon da macijiya ta yar ya rufe kansa. 'Yan aji ɗaya masu jarkoki, da na sallama su je su sha ruwa, suka dawo a guje suka tarar da mutum zaune a bakin rijiya cikin bargo. Abin da aka yi mako uku ana koya musu shi suka yi: suka jeru, na gaba ya durƙusa. Dogon nan, don shaƙiyanci, ya ɗaga hannu. Mai kalangu har da faɗuwa ƙasa. Ni ma sai da na riƙe ciki. Na ce a bar shi haka, nan wasan zai ƙare. Allah ne shaidata, a ranar ban ɗauke shi komai ba face abin ban dariya.

Ɗakin taro yana da tsarinsa, kuma tun kafin a buɗe baki tsarin ya riga ya faɗi wane ne wane. Kujerun kushin a gaba, an aro su daga ofis, na manyan baƙi. Bayansu kujerun roba na iyaye. Ɗalibai can ƙurya a kan benci, waɗanda suka rasa wuri sun maƙale a tagogi. A tsakiyar kushin akwai wani dattijo mai riƙe da sarauta, da rawaninsa, 'yan rakiyarsa biyu zaune a ƙasa. Har zuwa sarar macijiya komai lafiya lau, an yi tafi, wata uwa ma ta rangaɗa guɗa. Da dogo ya zauna ya ja bargo, yara suka durƙusa, hannu ya tashi, sai dariya ta ɓarke daga tagogi, ta biyo ta kan benci, ta iso kujerun roba ta yi rauni, kafin ta kai kushin ta mutu. Ina tsaye a gefe na ga abin da ban taɓa lura da shi ba duk tarukan da na halarta: ba mai kallon fage. Kowa rawani yake kallo. Shugaban makaranta kuwa ni yake kallo.

Shirun bai fi daƙiƙa biyar ba, amma na ji shi kamar wuni. Sai dattijon ya ɗan kaɗa kai ya yi murmushi, ɗaya daga 'yan rakiyarsa ya ɗaga murya ya ce, "An gaishe ku, samari!" Nan ɗaki ya ɗauki tafi, har da waɗanda yanzun nan suka haɗiye dariyarsu.

Da aka tashi na je na durƙusa na kwashi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, a yi mana afuwa in yara sun yi kuskure."

"Kai ne malaminsu?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ka san wasan gauta?"

Na ce na karanta shi a makaranta.

"To ka san matan fada ke yin shi. Wannan ta naɗa rawani ta zama sarki, waccan waziri, waccan alƙali, su kwaikwayi tafiyar kowa da maganarsa da halinsa. Wanda ya ga aibinsa sai ya je ya gyara, ba a cewa an yi mashi rashin kunya." Ya ɗan yi shiru aka gyara masa riga. "Amma fa su an san ranarsu, an kuma san wurinsu. Allah ya yi maku albarka."

Har na isa gida ina juya maganar, na kasa gane yabo ne ko jan kunne. Washegari shugaba ya warware mini rabinta. "Malam, a Daura kake fa. Wanda ya kashe macijiyar nan, daga tsatsonsa ake ƙirga sarauta. Kai kuma ka zaunar da shi a mazauninta gaban mai rawani." Gumi ya karyo mini. A garin da duk watan Maulidi ake Sallar Gani, baƙi su cika gari don tarihin nan, ni ɗan gari ban hango abin da kowane uba a ɗakin ya hango cikin ƙiftawar ido ba. Da a Funtuwa ko Malumfashi muka yi shi, da wasan yara ne kawai a kan wani tsohon labari. Na jingine taya a bayan ofis na ce an gama.

Ƙanwata ce ta tono maganar bayan kaka, lokacin bikin 'yar Kawu.

"Yaya, ka ara mana wasan nan naku mu yi ranar wuni."

Na ce ga taya can a makaranta.

"Bar tayarka, Yaya. Mu da ke da rijiya ta gaske a tsakar gida?"

Gidan kakanninmu tsohon gida ne a cikin gari, rijiya a tsakiyarsa. Wuni na mata ne, don haka ni mai wasan iyakata zaure, ina zaune da su Kawu ina kallon wasana da kunne. Babu kalangu, masu kiɗan ƙwarya da aka ɗauko su suka karɓi aikin. Na ji guga ya bugi ruwa, tsulum, abin da tayarmu ba ta taɓa yi ba. Tun ba a je ko'ina ba na ji shewa, na ce a raina me aka gani na shewa a nan? A makaranta wurin nan tsit ake yi. Shewa ta biyu ta fi ta farko, har da tafi da ahayye. Can sai guɗa. Can kuma sai kiɗa ya tsaya cak kamar an ɗauke wuta. Muryar Gwaggo kaɗai ta tsallako katanga: "Ke! Wa ya aike ku?"

Kawu ya dube ni. Na dubi tabarma.

Da dare na tsare ƙanwata. Ashe bargo da faifai ba su yi musu ba. Yarinyar da ta zauna a bakin rijiya ɗaurin ɗankwali ta yi irin na tsofaffi, ta saka tabarau, carbi a hannu, ta ƙulle 'yan makullai a bakin zane suna kacau-kacau. Baƙo kuma babu takobi: yarinya ce cikin lulluɓi, hannu ya sha lalle, ana rako ta. Ta ce ko motsi ɗaya ba su canja daga abin da na tsara ba, na kuma yarda. Amma ba macen da ta ga macijiya a gidan nan. 'Yan mata da ƙananan matan aure uwar miji suka gani, mai riƙe da makullin sito, wadda sai ta ga dama ake auna shinkafa. Uwayen gida kuwa, da lulluɓi ya shigo ya kori ta zaune, amarya suka gani ta zo ƙwace gida, suka tsuke fuska a daidai inda yara ke shewa. Da amaryar ta zauna a bakin rijiya, ta ɗauki tabarau ta saka, ta ƙulle makullai a nata zanen, ta ɗaga hannu, sai uwar ango, wadda ta zo da tawagarta kuma tabarau take sakawa, ta miƙe ta gyara mayafi ta ce su za su wuce. Ƙanwata ta rantse ba da ita suke ba. Na ce ai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ta ce to su ina suka san da kazar? Sai da Gwaggo ta bi baƙin har ƙofar gida da kwanon alkaki da dubulan tana ba da baki.

Da safe na shiga gaida Kaka, wadda idonta ya yi rauni amma aka zaunar da ita a gaba. Ta ce, "Me ya yi zafi? Ai duk amaryar da ta yi tsawon rai uwar miji ce. Ni ma da lulluɓi aka kawo ni gidan nan." Ni da na tsara wasan ban taɓa fassara ƙarshensa da kyau haka ba.

An ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Namu ya sha bamban: mun yi zagi ba mu san da wanda muke ba, kasuwar ce ta sani. Faifan da na kare fuskar yaro da shi don gudun dariyar 'yan aji ɗaya, ashe gurbi na bari, kowane taro na zuwa da fuskar da zai liƙa.

Azumi ya kama, goma ga wata yara suka sallamo gida suka ce, "Malam, a ba mu taya." Na bi su dare uku daga nesa, wai don kada su yi faɗa da 'yan wata unguwa, alhali kallo nake so. Tashe ba ya yiwuwa da shiru, wanda bai yi waƙa ba ko ƙwayar gero ba zai samu ba, don haka suka ƙago amshi: masu jarka su ce, "Mai rijiya, a san mana ruwa," na zaune ya ce, "Sai Juma'a!" Ana idar da asham ake fita, a gara taya lungu-lungu. Wasan da ya sa ni gumi a ɗakin taro, a nan ba wanda ya yi ko gezau. Watan da yaro zai liƙa gemun auduga ya rataya allo a ce malam ya yi rawa, malaman na zaune a ƙofar gida suna dariya suna miƙa sadaka, wa zai tsaya tuhumar wanda ya zauna a kan taya? Dare da azumi sun riga sun ba da izini, kamar yadda ake barin ɗan kama ya kwaikwayi karatun malamai a kan tuwo da miya ba mai cewa ya yi saɓo. Minti 12 suka koma 3, don ga masu Tsoho da Gemu da masu Jatau Mai Magani a baya suna jiran ƙofar.

Wuri ɗaya ne abin ya ɗan yi tsami. Akwai wani Alhaji mai rijiyar burtsatse a gida, ya fito da famfo waje yana sayar wa 'yan ga-ruwa. Yara ba su yi shawara da ni ba suka kafa taya a gaban famfon. Kafin a kai "Sai Juma'a" na biyu, 'yan ga-ruwan da ke kishingiɗe gefen kura sun tashi zaune suna amsawa, muryarsu ta danne ta yaran. Alhaji ya leƙo, ya zaro sabuwar dubu ɗaya ya miƙa, ya ce, "Allah ya ba da lada, a yi gaba." Shi ne kuɗi mafi tsoka da suka samu a azumin. Yara na ta murna. Ni dai har yau ina ganin ba kuɗin tashe Alhaji ya biya ba, kuɗin tashi ya biya.

A daren ne wani ya ɗauke su da waya. Bayan kwana biyu abin ya dawo mini ta WhatsApp, daƙiƙa 40, daga sarar macijiya zuwa ɗaga hannu. An cire waƙar an ɗora wani kiɗa, an rubuta sunan wani ɗan siyasa a kan bargo na farko, sunan wanda ya kayar da shi a kan na biyu. Babu azumi a ciki, babu lungu, babu Alhaji da famfonsa. Mahaifin dogo ya zo har gida ya ce, "Malam, ni karatu na turo shi. In an zo kama shi kai za ka je?" Ba a kama kowa ba, abin ya yi 'yan kwanaki ya nutse, amma amsar da zan ba bawan Allah nan ban same ta ba.

Na kai kukana wurin wani abokina a Katsina da ya karanci wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ya yi dariyarsa ya more. Ya ce tun shekarun 1970 malamai da ɗalibai a sashensu suke fita ƙauyuka, kuma ƙa'idar ita ce ba a zuwa da wasa a ƙunshe: sai an zauna da mutane, an ji abin da ke damunsu, an san wa ke gaba da wa, sannan a gina wasan tare da su. Ya kuma ba ni labarin wata Baturiya, Marina Abramobich, da ta tsaya a wani ɗakin nuni a birnin Nafoli na Italiya a 1974, awa 6 ba ta hana kowa komai, ta jera abubuwa 72 a kan tebur, har da fure da zuma da almakashi da bindiga da harsashi, ta ce kowa ya yi mata abin da ya ga dama da su. Da farko fure ake miƙa mata. Kafin lokaci ya cika an yayyanka tufafinta, an ji mata ciwo, wani ya auna ta da bindigar. Da awa 6 ta cika ta tako wajensu, sai suka watse, ba mai iya haɗa ido da ita. "Ita tsayuwa kawai ta yi," in ji shi. "Duk abin da aka gani a ɗakin nan 'yan kallo suka zo da shi. Naka yaron ma ai zama kawai yake yi." Na ce Allah ya kyauta, mu dai babu bindiga a teburinmu.

Shawarar zama da mutane kuwa na ji ta na ajiye. Bayan ƙaramar Sallah wani tsohon ɗalibina ya gayyace mu ƙauyensu, can ta wajen Zango, ya ce matasansu na son a ɗan nishaɗantar da jama'a. Kuɗin mota na wuni ɗaya muke da shi. Bazara ce tsagwaronta, lokacin da ruwa ke ja da baya a ƙara wa guga igiya.

Mun yi abin da ake yi. Muka fara sauka a ƙofar mai gari da ƙullin goro, aka gaisa, ya tambayi abin da wasan ya ƙunsa, na ce tarihin Kusugu ne, ya ce madalla, ai na gida ne. Mai shela ya zaga. Aka ce sai an idar da La'asar, a dandali, gindin wata tsamiya. Babu gaba babu baya: yara suka yi zobe a ƙasa, maza a tabarmi kusa da mai gari, mata a tsaitsaye bayan danga, wasu da bokitai a hannu. Na hangi tankin ruwa a kan ƙarafa can gefe da farantan sola, na kuma ga an ɗaure famfunan da sarƙa da kwaɗo. Da idona na gani, amma hankalina na kan inda mai kalangu zai tsaya.

Yaro na farko ya durƙusa, hannu ya tashi, ya koma. Babu dariya. Na biyu ma haka. Ko yaran da ke gaba ba su motsa ba. A na uku na ji tsaki daga bayan danga, mai tsawo, irin wanda ake ja da niyya. Sai na ga idanu sun fara barin taya suna komawa kan wani mutum mai farar hula da ke zaune dama da mai gari, shi kuma ya kafa ido a ƙasa, hannunsa cikin aljihu. Tsohon ɗalibina ya matso ya raɗa mini, "Malam, shi ke riƙe da makullin sola. Sau biyu a mako yake buɗewa, wai kada inji ya lalace. Ƙanen mai gari ne."

"Shi ne ba ka faɗa mini ba?"

"Ai shi ya sa muka kira ku, Malam."

Samari a bayan tabarmi sun fara miƙewa. Wani ya ce, "Sai Juma'a!" ba da muryar waƙa ba. Teburin Baturiyar nan ya faɗo mini a rai. Na dubi inda motarmu take, na dubi yaron da ke cikin bargo, ɗan mutane, shekararsa 16. Dogo na bayan tsamiya da takobin katako yana jiran kalangu ya kira shi, kuma na san in ya fito ya kai sara, ba macijiya za a ga an sara ba. Ina ƙoƙarin yi wa mai kalangu alama ya kashe kiɗa, sai ga wata tsohuwa ta ratso ta kafar danga da bokitinta na ƙarfe. Ba sauri take ba. Yara suka buɗa mata. Ta zo ta shiga layi kamar da ita muka yi mako uku muna gwaji. Yaron da ke gabanta ya durƙusa ya koma. Layi ya zo kanta.

Ba ta durƙusa ba. Ta dire bokiti, ya yi ƙara. Ta ce, "Ɗan nan, tashi."

Faifai ya ɗan karkace, na ga ido ɗaya yana nemana. Ban ce masa komai ba, don ba ni da abin cewa. Ya ajiye faifai, ya yaye bargo, ya miƙe, har da ɗan rusunawa: "To, Inna." Ta ɗauki guga ta zura a cikin taya, ta jawo shi hannu bi hannu, a hankali, kamar mai jan ruwa daga gaba ashirin, ta juye babu a bokiti, ta ɗora a ka ta koma ta inda ta fito. Mai kalangu, Allah ya yi masa albarka, ya raka ta da kiɗa har ta shige. Mata suka ɗauki guɗa. Samarin da suka miƙe suka rasa yadda za su yi da tsayuwarsu, sai suka shiga tafi. Dogo bai fito ba ranar.

Da muka je sallama, mai gari ya sa aka kawo mana fura, ya bari muka sha, sannan ya yi magana.

"Malam, ka ce mani tarihi."

"Allah ya ja zamaninka, wallahi tarihin muka kawo."

"Na yarda. Amma ku yanzu mota za ku hau. Ni da su zan kwana, shi kuma uwarmu ɗaya."

Na ce a gafarce mu. Ya ce ba komai, sai dai gobe in za mu wani gari, mu riƙa tambayar wa ke riƙe da makulli kafin mu sauke kaya. Mai farar hula ban sake ganinsa ba har muka tashi.

Tsohon ɗalibina ya biyo ni har mota yana ba da haƙuri, ban kula shi sosai ba. Ya ɗauko yaran mutane ya sa su a bakin wuta ba da saninsu ba, wannan ba zan ce daidai ne ba. Amma matan nan da bokitai ba shi ya jera su a bayan danga ba, sarƙar nan ma ba shi ya ɗaura ta ba, kuma in ana neman wanda ya ga kwaɗo ya kawar da kai, ba sai an je da nisa ba.

A hanya taya na ɗaure a saman mota tana ƙugi. Dogo na ta mitar an sa shi ya sha rana a banza, mai kalangu na cewa shi dai kuɗinsa cikakke za a ba shi. Yaron bargo bai ce uffan ba sai da fitilun Daura suka bayyana, sannan ya ce, "Malam, ni fa ban yi niyyar tashi ba. Muryarta ce irin ta kakata."

Da muka sauka na ƙirga kaya: jarkoki huɗu, tulu, bargo, faifai, takobi. Babu guga. Na aika wa tsohon ɗalibina saƙo, ya amsa bayan kwana biyu cewa gugan na rijiyar masallaci, nasu ne ya yage aka ɗaura namu, ko a ciro a aiko? Na ce a bar shi. Maganar makulli bai ɗauko ba, ni ma ban tambaya ba.